Zamiya daga kuturi take fitowa

Ranar hawan Sallah, a Kano ne ko Dutse ko Gumel, in ka samu wuri kusa da inda ake jafi, ɗan kau da ido daga rawuna da alkyabbu ka dubi ƙafafun dawaki daidai lokacin da aka ja linzami. Tsayuwa iri biyu za ka gani. Wani dokin zai kafe ƙafafun gaba kamar an dasa turaku, ya ɗaga kai sama, baki a wangale, ya yi ɗan tsalle biyu ko uku kafin ya tsaya, mahayin kuma ya tafi gaba har cikinsa ya bugi kwacciyar sirdi. Wani kuwa sai ka ga kuturinsa ya yi ƙasa kamar zai zauna, ƙafafun baya sun shige ƙarƙashin ciki suna jan layi biyu a ƙasa, na gaba suna ci gaba da ɗan takawa, mahayi ko gezau. Wannan na biyun shi ne ya yi zamiya. Na farkon zafin baki ne ya tsayar da shi.

Mai doki in ya ga nasa irin na farkon ne, sau da yawa maƙera yake nufa a ƙero masa linzamin da ya fi na da cizo. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, don gyaran yana can baya.

Doki a tsaye, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake, saboda kai da dogon wuya suna rataye a gaba. Ka ɗora sirdi kusa da kafaɗa, ka hau, ka ƙara musu kaya. Su kuma ƙafafun gaban babu ƙashin da ya haɗa su da gangar jiki, tsoka da jijiya ne suka rataye ƙirji a tsakaninsu. Na baya kuwa ƙashi da ƙashi suke haɗe da kuturi, kuturi kuma haɗe da ƙashin baya, kuma a nan manyan tsokoki suke. Doki kamar kurar 'yan garuwa yake, daga baya ake tura shi. Amma turawa daban, ɗauka daban. Dokin sukuwa ya iya turawa sosai, ƙafafunsa na baya suna cilla ƙasa can nesa, nauyinsa duk ya zube gaba kamar baron da aka cika aka sake a gangare. Abin da ake nema ga dokin hawa shi ne ƙafar baya ta shigo gaba ta sauka ƙarƙashin ciki, gaɓoɓinta su lanƙwashe su karɓi nauyi, gaɓar ƙugu da ke tsakanin gadon baya da kuturi ta ɗan naɗe, tsokar ciki ta ɗaure, baya ya ɗago ya cika sirdi. In wannan ya samu, gaba zai yi sauƙi da kansa, linzami ya yi laushi a hannu, juyi da tsayuwa da takama duk su zo ba tare da kokawa ba.

Kafin ka fara komai, ka auna inda dokinka yake. Nemi wuri mai ƙasa a shimfiɗe, ka share tsawon taku 15 da tsintsiya, ka ɗan yayyafa ruwa. Sa yaro ya ja dokin da ragama ya ratsa wurin da tafiyarsa ta kullum, kada ya ja shi da ƙarfi. Sai ka durƙusa ka karanta sawun. Sawun gaba ya fi faɗi da zagaye, na baya ya fi tsini. In sawun baya yana sauka a kan na gaba ko ya zarce shi, madalla. In yana tsayawa bayansa da yatsa huɗu ko fiye, dokin bai shigo da baya ba. In kuma na hagu ya zarce, na dama ya gaza, kuma ka maimaita sau uku haka ake samu, to ko dai dokin a karkace yake tafiya, ko akwai ciwo a ƙafar da take gazawa. Rubuta abin da ka gani da ranar, duk bayan sati biyu ka sake. Da kansa za ka gwada shi, ba da dokin maƙwabci ba, don mai dogon baya da gajerun ƙafafu ba zai taɓa zarce sawu kamar mai gajeren baya ba. Ka duba bakin kofaton baya ma. In ya goge ya yi shafe kamar an gurza shi da dutse, dokin jan ƙafa yake yi.

Dokin da bayansa ke ciwo ba zai ɗago shi ba ko da za ka shekara kana horo. Bi gefen ƙashin baya da yatsu, dama da hagu, daga kafaɗa zuwa kuturi, kana ɗan dannawa. In ya lotsa baya, ko ya kwantar da kunne, ko ya kaɗa wutsiya da fushi a wuri ɗaya kullum, akwai magana. Sirdin gargajiya itace ne a ciki, ba ya bin jiki. Da mutum a kai, ya kamata yatsa biyu zuwa uku su shiga tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa, kuma ƙarshensa kada ya wuce haƙarƙari na ƙarshe. Doki na da haƙarƙari 18 kowane gefe, ka lalubo na ƙarshen ka bi shi sama, nan ne iyaka. Bayan nan ƙugu ne, wurin da kake roƙo ya lanƙwashe, ba kuwa zai lanƙwashe da itace a kansa ba. Bayan kilisa ka cire sirdi da zubka, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, ka dubi gumi. Busasshen tabo a tsakiyar jiƙaƙƙen wuri alamar matsi ne, farin gashi a bayan doki mai duhu kuma tsohon matsi ne. Ƙara tsumma a ƙarƙashin sirdin da ya riga ya matse ƙara matsi ne kawai, sai dai a kai wa mai gyara ko a sauya.

Haƙori ma haka. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa turamen haƙora suke yin kaifi a gefe su yanki kumatu da harshe. In doki na zubar da dawa yana ci, ko kana ganin ƙwayar hatsi ɗungum a kashinsa, a kira likitan dabbobi ya goge, sau ɗaya a shekara. Kofato a gyara duk sati 6 zuwa 8, don dogon kofato yana jinkirta ɗaga ƙafa. Sai abinci: dokin da ya kai kilo 350 yana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa wajen kilo 6 zuwa 7 a rana, hatsi da dusa a raba sau biyu ko uku, gishiri a kusa, ruwa kuma a bazara zai iya shan lita 40 har fiye. Ramammen doki ba shi da abin da zai gina tsoka da shi, a fara da maganin tsutsa da ƙoshi. Duƙushin da bai cika shekara 3 ba a bar shi da aikin ƙasa, zamiya kuwa sai ya haura 5, don ƙasusuwan gadon baya su ne na ƙarshe wajen ƙosawa.

Batun linzami ba zai yi wa wasu daɗi ba. Linzamin gargajiya mai harshe da zoben da ke zagaye haɓa kayan ƙwararren doki ne da ƙwararren hannu, dokin da taɓi kaɗan ya ishe shi. A bakin mai koyo, da zarar ya ji cizon sai ya ɗaga kai don ya tsere masa, kai in ya yi sama da tsoro baya lotsawa yake yi, baya in ya lotsa ƙafafun baya sai su zame su koma waje. Wato kana ja yana ƙara lalacewa. A yi horo da ragama mai igiya biyu, ko linzami mai gaɓa a tsakiya irin wanda ake samu wajen 'yan folo. Haka kuma ɗaure kai da igiya zuwa majayi, wato ɗamarar sirdi, don wuya ya lanƙwashe ya yi kyau a hoto. Wuyan zai lanƙwashe, amma ka koma ka share ƙasa ka duba sawu, za ka tarar ya ragu.

Dokin da ya wuni a turke, wani ma da dabaibayi, jikinsa a sandare yake. Minti 10 zuwa 15 na farko tafiya ce kawai da sakakken linzami, kullum, ko kana sauri. Tun a barga ma akwai abu biyu da za ka yi masa. Sa yatsunka a tsakiyar ƙirji ta ƙasa, inda majayi ke bi, ka danna sama kana ɗan sosawa. Za ka ga bayansa ya ɗago a idonka. Riƙe daƙiƙa 5, ka saki, sau biyar. Na biyu, tsaya a gefe, ba a baya ba, ka sosa da yatsa ta gefen gindin wutsiya, kamar faɗin tafi daga tsakiya, za ka ga kuturi ya naɗe ciki. In dokin mai harbi ne, bar wannan.

Daga nan sai koya masa ma'anar ƙafa, tun kana ƙasa. Tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, ka ɗan jawo hancinsa wajenka kaɗan, ka danna yatsu a haƙarƙari faɗin tafi ɗaya bayan wurin majayi. Jira. Da zarar ƙafar baya ta hagu ta ɗaga ta gitta ta gaban ta dama, cire hannu nan take. Sakin nan shi ne darasin, ba dannawar ba. In ta gitta ta baya, ja da baya yake yi, ka ɗan tafiyar da shi gaba ka sake. Taku biyu ko uku kowane gefe ya isa a rana. Wannan shi kaɗai ba ya ɗora nauyi a baya, kada a ruɗe a yi ta jujjuya doki a kan ƙafafun gaba. Amfaninsa doki ya gane cewa taɓi a nan na nufin wannan ƙafar ta motsa.

In ka hau, fara da gyara zamanka. Kafaɗa da ƙugu da dunduniya su zama a layi ɗaya. Zaman da ake miƙe ƙafafu gaba a jingina da kwacciyar baya yana da kwarjini, amma nauyinka duk a ƙugun doki yake sauka. Faffaɗar likkafar gargajiya kuma gefenta kan yi aikin kaimi ba tare da ka sani ba, in tana zungurarsa kowane taku, cikin wata ɗaya zai daina jin ƙafa sam.

Darasin farko shi ne tafiya gaba da taɓi kaɗan. Matsa da ƙwauri a hankali. In bai motsa ba cikin daƙiƙa biyu, ƙara ƙarfi sau ɗaya. In bai motsa ba, taɓa shi da bulala sau ɗaya a bayan ƙafarka, ba a kafaɗa ko wuya ba. Zai zabura. A nan mutane ke ɓata aikin, sai su fizge linzami don tsoro, sun ce tafi sun ce tsaya a lokaci guda. Bar shi ya tafi taku goma, ka shafa wuyansa, ka dawo da shi, ka sake farawa da taɓi mafi sauƙi. In ya tafi, cire ƙafa ka bar shi ya ɗauki kansa. Dokin da sai ana dukan cikinsa yake tafiya ba shi da abin da za a tara.

Sai sauyin tafiya, kuma a nan rabin aikin yake. Tafiya zuwa tsayuwa, tsayuwa zuwa tafiya, tafiya zuwa sassarfa, sassarfa zuwa tafiya. Duk sauyi ɗaya dole ƙafar baya ta shigo ta karɓi nauyi ko ta tura. Ƙirga: taku 10 na sassarfa, 5 na tafiya, a sake. Cikin minti 10 za ka iya yin sauyi 20 zuwa 30. Wajen ragewa ga tsari: miƙe zamanka, fitar da numfashi, ɗaure cikinka ka daina bin motsinsa da ƙugu, ƙwauri na nan a manne a hankali don baya ya ci gaba da shigowa, sannan ka rufe yatsu a kan igiyar linzami kamar mai matse lemon tsami. Hannu ba ya komawa baya wajen ciki. Da ya amsa, buɗe yatsu. In bai amsa ba, saki ka sake matsawa, kada ka riƙe kana ja, don in aka zo ja-in-ja wuyan doki ya fi hannunka ƙarfi, kuma zai koyi jingina da linzami ya mai da shi ƙafa ta biyar. Mai kyau za ka ji shi a mazauninka, kamar bayan ya kumbura ya ɗaga ka. Mara kyau kuwa nauyi ne a hannu da jin kamar za ka gangara.

Bayan sati biyu ko uku, gwada wannan: kana sassarfa, yi duk abin da kake yi in za ka koma tafiya, amma da ka ji ya fara tattaro jikinsa, sai ka saki ka ce ci gaba. Bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Mu kira shi ankararwa. Ita za ka riƙa yi kafin juyi, kafin gangare, kafin tsayuwa, duk lokacin da ka ji nauyi ya fara zubewa gaba.

Don da'ira, kafa turke, ɗaura igiya mai mita 10, ka zana zagaye a ƙasa, ka cire turken. Faɗinta mita 20 ke nan. A kan da'ira ƙafar baya ta ciki ce ke shan aiki. Ƙafarka ta ciki a wurin majayi, ta waje ɗan baya kaɗan don kada kuturi ya fita, igiyar waje tana riƙe da kafaɗa, ta ciki kuma ka ɗan juyo hanci har ka hango gefen idonsa, kada ya wuce haka. Ka shigo ciki a hankali cikin zagaye uku har faɗin ya koma mita 12, sannan ka mayar da shi waje da ƙafar ciki, yana tafiya gaba yana matsawa gefe. Kowane doki yana da gefen da ya fi masa wuya, kamar bahago da badame. Fara da mai sauƙin, ka sauya hannu duk minti 3 zuwa 4, kada ka nace a gefen wuya har ya gaji ya fara turjiya.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Kuturin doki ya fi kafaɗunsa faɗi. In yana bin jikin katanga ko darni, yakan manna kafaɗa da kuturi duka da ita, sai ƙafar baya ta ciki ta riƙa sauka a gefe maimakon ƙarƙashin ciki. Maganinsa a shigo da kafaɗu ciki kaɗan, baya kuma ya ci gaba da bin layinsa. Kana fitowa daga kwana, yi kamar za ka shiga da'ira, da kafaɗu sun bar katanga taku ɗaya sai ka tare da igiyar waje, ƙafar ciki ta tura shi ya bi katangar a haka. In an yi daidai, sawu zai fito layi uku, ƙafar baya ta ciki tana taka layin ƙafar gaba ta waje. Kuskuren da kowa ke yi shi ne jan igiyar ciki, sai wuya kaɗai ya lanƙwashe, jiki yana nan yadda yake. Taku 5 ko 6 a tafiya, ka miƙe shi, ka shafa. A ganina babu atisayen da ya kai wannan ƙarfafa ƙafar baya ɗaya bayan ɗaya, sai dai yana son mutum a ƙasa yana faɗa maka abin da ƙafafun ke yi, don ji yakan yaudari mai koyo.

Mu a karkara muna da abin da na birni ke nema da kuɗi: tudu da kunyoyin gona. Tudu mai sauƙin hawa, wanda mutum zai hau yana hira bai yi haki ba, tsawon mita 50 zuwa 100. A hau shi da tafiya, a miƙe, ka ɗan sunkuya gaba ka ba shi wuya. Zai so ya yi sukuwa don ita ta fi masa sauƙi, kada ka yarda, amfanin yana cikin taku ɗaya-ɗaya. Saukowa ma aiki ne, a hankali da ankararwa, ya riƙa zama a kan baya. Sau 4 a farko, a kai 8 cikin wata ɗaya, kwana biyu a sati. A kula da yashi, musamman a Jigawa inda yake da zurfi. In kofato na nutsewa har ya ɓace, wurin bai dace da sassarfa ba, jijiyar bayan ƙwauri yake ja. Kowace safiya ka shafa bayan ƙwaurin ƙafafu huɗu. Zafi ko kumburi a ƙafa ɗaya na nufin a dakata, a riƙa zuba ruwan sanyi minti 15 zuwa 20, a nemi likita. Fadamar da ta bushe ta tsattsage kuma ko kusa.

Bayan girbi, ratsa kunyoyin gona a tafiya yana tilasta wa doki ɗaga ƙafa da lanƙwasa gaɓoɓi, amma da izinin mai gona, kuma a zaɓi gonar gyaɗa ko wake, don tushiyar karan dawa tana huda tafin kofato. In babu, jera itacen turare ko azara guda 4, tazarar santimita 80 don tafiya, wajen 110 zuwa 120 don sassarfa. In yana buga itacen ko yana tsallake biyu, tazarar ce ba daidai ba, gyara ta ta dace da takunsa.

Ja da baya sai tsayuwa ta yi kyau. Ɗan sassauta nauyinka daga sirdi, matsa ƙafa kamar za ku tafi, yatsu a rufe, in ya ga gaba a rufe sai ya koma baya. Da ya ɗaga ƙafa, sassauta. Ƙafafu bibbiyu suke tafiya, gaba ta hagu da baya ta dama tare. Taku 3 ko 4, sai gaba nan take. In yana jan ƙafa a ƙasa kai a sama, da hannu ka jawo shi. In ka matsa masa da yawa a nan, taɓarya zai koya, wato miƙewa a kan ƙafafun baya, ita kuwa wuyar cirewa gare ta. Kada ka taɓa mai da ja da baya horon laifi.

Ƙaramar sukuwa, mai bugu uku, ƙafar baya ta waje ce ke fara ta. Shi ya sa ake neman ta a kwana, ƙafarka ta waje ɗan baya, bayan ankararwa. Kada ka bar shi ya yi ta ƙara saurin sassarfa har ya faɗa cikinta. In ya fara haka, dawo da shi, ka daidaita, ka sake. Rabin da'ira, a koma sassarfa, a sake tashi. Tashin da saukar su ne ke gina kuturi, ba yawan zagaye ba.

Sai zamiya, a wata na uku. Kada ka neme ta a guje sai dokin yana tsayawa daga tafiya da sassarfa da zamanka da murya kawai, yatsu ɗan taɓi. Zaɓi kalma ɗaya ko sauti ɗaya na tsayuwa, kada ka yi amfani da shi a wani abu. Ƙasar ta zama mai tauri a ƙasa da ɗan yashi yatsa biyu a sama. A kan kwalta santsi ne da gurjewa, a yashi mai zurfi kuma ƙafa kafewa take yi gaɓa ta sha wuya. Doki ya zo a miƙe, saurinsa yana ɗan ƙaruwa, ba yana raguwa ba, don mai rage gudu ya riga ya zuba nauyi gaba. Lokacin nema shi ne sa'ad da ƙafar gaba mai jagora, wato wadda ke sauka ƙarshe a bugu ukun ƙaramar sukuwa, ta taɓa ƙasa, a lokacin ƙafafun baya suna sama suna tahowa gaba. Ka ce kalmar, ka zauna, ka rufe yatsu, sai su sauka can ƙarƙashin ciki. In ka nema a makare, bayan sun riga sun sauka sun tura, a ƙafafun gaba zai tsaya, ka ji bugun har haƙoranka. Hanyar koyon lokacin ita ce ka yi kwana biyu kana ƙaramar sukuwa kana cewa "yanzu" duk sanda ƙafar ta sauka, wani a ƙasa yana gaya maka ko ka dace. Da ya tsaya, saki linzami gaba ɗaya, ya tsaya minti ɗaya ya huta a wurin, ya san daɗi na cikin tsayuwa. Biyu ko uku a rana, kwana biyu a sati, ya isa, don gwiwar baya tana cin wuya a zamiya. Ka riƙa sauya wuri, wani lokacin ma ka wuce ba ka tsaya ba, in ba haka ba zai haddace wurin ya fara tsayawa kafin ka ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsoka tana fara nunawa a sati 6 zuwa 8, jijiya kuwa ta fi haka jinkiri nesa ba kusa ba. Mai son dokinsa ya fito a ƙaramar Sallah ya fara tun Rajab, kwana 5 a sati, minti 30 zuwa 40, kada a haɗa tudu da zamiya rana ɗaya. In azumi ya faɗo cikin zafin bazara, bayan asuba ya fi, kafin a ba da hatsi, ko a jira awa ɗaya zuwa biyu bayan ya ci. In minti 10 bayan aiki har yanzu kwiɓinsa na bugawa da sauri, an yi masa yawa. Alamar aiki na ci za ka gan ta a jiki: saman wuya da gefen gadon baya sun cika, kuturi ya yi zagaye, tsokar ƙarƙashin wuya da ta kumbura saboda kokawa da linzami ta sace, wutsiya na lilo a sake.

Sati uku kafin hawa, a fara sa masa kayan da zai ɗauka ranar, ɗaya bayan ɗaya: sirdin hawa, jalala, kayan ƙirji da na goshi, kai ma da babbar riga da alkyabba, don nauyi da kaɗawar tufafi suna sauya masa ma'auni. A lokacin ne za a mayar masa da linzamin gargajiya, kwana biyu a sati, a fara da tafiya da tsayuwa kawai, igiya ɗan sako-sako. Zamiya ta ƙarshe a yi ta saura kwana huɗu, sauran kwanakin kilisa ce da sassafe a kan burtali, da duba bayan sirdi da gefen baki kowace yamma.